Tuwon da Na Ci a Maiganga

Ku matso kusa, ku gyara zama, yau zan sauke wannan kayan. Tun da na dawo ban huta ba. A gidan suna a tare ni, a wurin niƙa a tare ni, ko ƙofar gida na leƙa sai wata ta ce, "Fanna, wai da gaske har Maiganga kika je? Ke da ko kasuwa sai an ja ki?" To gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, in samu in koma kan tukunyata.

Ba ƙarya suka yi mini ba, ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni gidan Malam a unguwar Kolere, duniyata daga madafa ce zuwa ɗakin Iya, mahaifiyarmu, da ke bayan layinmu. Sau ɗaya na taɓa barin Mubi, lokacin gudu da 'yan bindiga suka shigo gari, shi ma ba da son raina ba, da silifas wari da wari na hau dutse. Wannan karon kuwa Iya ce ta fitar da ni.

Mu biyu ne 'ya'yanta mata, ni da yayata, Ya Falmata. Ita Alhaji Modu ya aura, mai sayar da atamfa, ya tafi da ita can wata ƙasa gaba da Kamaru ta gabas. Suna zamansu lafiya, shago ya kafu, sai shugaban ƙasar ya ga kujera na neman kuɓuce masa, ya kunna yaƙi. Wata safiya sojoji suka shigo kasuwa da manyan motoci suka kwashi maza, har da Alhaji. Daga ranar ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, babu gawa, babu saƙo. Ya Falmata ta bi ayarin masu gudu ta tsallako Kamaru, ta zauna a Maiganga. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita kaɗai ce. Shekaru suka tura. Shi ma shugaban tuni kujerar ta kayar da shi, yana wata ƙasa yana cin tsufansa.

Duk wayar da aka yi mata a ce ta dawo gida, amsarta ɗaya ce: "Sai an kwana biyu." Iya kuwa ido ya tafi, ƙafa ta tafi, bakin ne kawai yana nan daram. Ta kira ni ta ce, "A waya tana iya kashewa ta ce caji ne. Ke je ki zauna mata a gaba. Ki ce liman ya ce shekarun sun isa, alƙali zai yanke cewa mijinta ya rasu, a yi masa salla, ta yi takabarta a nan ɗakina. Ina son in riƙa jin tarinta kusa da ni kafin a ɗauke ni. Kada ki dawo mini ke kaɗai."

Malam ya haɗa ni da ƙaninsa Bukar, dillali a tike, wato kasuwar shanu, wanda ya san hanyar Kamaru kamar hanyar masallacin unguwarsu. Da ya ga kayana a tasha sai ya riƙe baki.

"Matarmu, ziyara ce ko tarewa?"

"Kai dai ɗauki, ɗan tike. Ai ka saba jan abin da ya fi ka nauyi."

Daddawa ce, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da turaren wutar da Iya ta sa aka haɗa a gabanta, tana sansanawa tana cewa a ƙara wannan a rage wancan.

Muka shiga motar Maiha. Ba mu yi nisa ba direba ya tsaya ya ɗauki wani tsoho manomi, mutumin Duvu, da buhun wakensa. Aka kunna rediyo ana labaran duniya. Ni karatuna bai wuce na allo da ɗan yaƙi da jahilci ba, amma abin da ya shiga kunnena ya zauna kenan. Sai na ji an ambaci ƙasar su Ya Falmata, wai ana shirin kai tsohon shugaban gaban kotu saboda yaƙin da ya tada. Mota kuwa ta kaure da gardama.

Direba ya ce, "Wannan rashin kunya ne. Shugaba ai uba ne. Ko ya yi kuskure, wa ke kai ubansa gaban alƙali? Mutum ya tsufa yana dogara sanda."

Tsohon Duvu ya gyara hula, da irin Hausarmu ta nan ya ce, "Direba, bara akuyana ya shiga gonan maƙwabci ya ci wake. Jauro, mai garinmu, ya kira ni, na biya. Ni ban ci wake ba fa. Akuya ne ya ci."

"Baba, shugaban ƙasa kake haɗawa da akuya?"

"A'a, da mai akuya. Shi ya kwance igiya."

Aka kwashe da dariya, har direban. Bukar ne kawai bai yi ba. Ya ce, "Ku kuna magana ne don ba ku da kaya a hanya. In aka fara kama su bayan sun sauka, wallahi babu wanda zai ƙara sauka, kowa sai ya mutu a kan kujera. Kuma wannan yana da mutanensa har gobe. Ranar da aka sa masa ankwa, ranar za su koma daji, hanya ta rufe, waɗanda suka rage su sake ɗaukar tabarma. Sannan ku gaya mini, manyan ƙasashen da ke tada yaƙi a ƙasar wasu, wa ya taɓa kama nasu? Sai namu marasa gata."

Wata mata a kusa da ni ta ce, "Hajiya, ke ba ki ce komai ba." Na faɗi abin da na saba faɗa: "A bar wa Allah, akwai ranar hisabi." Kowa ya ce haka ne. Da wannan maganar nake kashe kowace gardama a gidan biki, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na ƙudurta a raina ita zan kai wa Ya Falmata.

A Belel mota ta ƙare, sai mashin. Rabona da hawa mashin tun kafin a hana su a cikin gari. Mayon, wato kogin da ya raba mu da Kamaru, ruwansa ya ja baya, yashi ne da ɗan ruwa iya idon sawu. Mai mashin ya ce in riƙe ƙarfen baya, ni kuwa na cakumi wuyan rigarsa ina salati, har sai da ya tsaya a tsakiyar yashin ya ce, "Hajiya, ko ki sake ni ko mu tafi lahira tare." Bukar na gaba yana dariya har hularsa ta faɗi a ruwa. Na ce Allah ya ƙara.

A ɗaya gefen, jandarma, wato ɗan sandansu, ya duba katinmu ya ce a buɗe jaka. Dogo ne, fuska a murtuke, yana ta zuba Faransanci. Ya zura hannu ya ciro ƙullin daddawa ya kai hanci. Na ce yau na shiga uku, zai ce wani mugun abu na ɗauko. Sai na ga fuskar ta saki. Ya juya harshe zuwa Fulatanci ya ce, "Dada, wannan ta Mubi ce?" Ashe kakarsa 'yar Maiha ce, rabonsa da jin wannan ƙamshin tun tana da rai. Na ɓallo masa kaɗan, ya sa a aljihun kakinsa, ya sara mini. Na ce a raina, iyakar nan manya ne suka san da ita, hanci bai sani ba.

Muka kwana a Garwa, gidan mai masaukin Bukar. Zafin garin ya ninka namu. Uwargidan, Adda Hawa, ta soya mana kifin kogi, na ci na yi hamdala. Abin da ya ɗaure mini kai burodinsu ne: dogo kamar taɓarya, ɓawo da tauri, kuma ba leda. Sai ka ga babban mutum da riga mai tsada ya saƙale shi a hammata yana tafe cikin rana. Da aka kawo mini da shayi na ce na ƙoshi. Adda Hawa ta gane, ta yi dariya ta ce nata a kwando aka kawo. Na ci, na kuma nemi ƙari.

Tasharsu ma dabam take. Mu nan in mota ta zo, mai ƙarfi shi ke samun taga. Ni da na ga ƙofa a buɗe na tattare zani na kutsa, na kama kujerar taga, na shimfiɗa gyale a ta kusa don Bukar. Na waiga in kira shi, sai na ga ni kaɗai ce a cikin motar, jama'a na waje a tsaye suna kallona shiru. Ashe suna ake kira ɗaya bayan ɗaya, kowa da wurinsa. Haka na sauko ina gyara ɗankwali. Bukar ya juya baya yana ce wa na kusa da shi, "Ni ma a nan na gan ta."

Daga Garwa hanya ta yi ta miƙewa, can ta fara hawan dutse, kunnuwana suka toshe. Ngaundare sanyi kamar an buɗe firij, sai da na naɗe da zanen da na riƙo wa Ya Falmata tsaraba. A nan na fara ganin jirgin ƙasa da idona, a nan kuma cikina ya yi yaji. Wata mata a mota ta miƙo mini wani abu dogo naɗe da ganye, rogo ne, ga tsami ga danƙo. Na karɓa don kunya, na tauna, na tauna, shi bai ma san ana taunarsa ba. Miyar da aka kawo a masauki kuma ɗaci kamar magani. Tun daga gidan Adda Hawa ban ƙara cin abin kirki ba. Ku riƙe wannan, don shi ya ja mini abin da ya biyo baya.

Bayan azahar muka shiga Maiganga, gari mai jar ƙasa. Bukar ya kai ni unguwar masu gudun hijira, ya nuna mini ƙofa, ya wuce wurin mutanensa na shanu.

Ya Falmata ta rame, kai duk furfura, amma tafiyar nan tata ta ɗaga kafaɗa tana nan. Muka rungume juna muka yi kuka. Ta buɗe turaren Iya ta sansana, muka sake sabo. Sannan ta ce in zauna ta ɗora mini ruwan wanka, ta zagaya baya.

A ƙarƙashin rumfa akwai tabarma a shimfiɗe, ga buta, ga kofin ruwa, ga langa da murfinta. Ku gaya mini tsakani da Allah, baƙo ya sauka ya tarar da tabarma da abinci a rufe, na wa ne? Na ɗaga murfin. Tuwon masara ne da miyar kuka, hannun Iya sak. Na wanke hannu na yi bisimilla, ban ɗago ba sai da na ga zanen furen da ke gindin langar.

Ta fito da bokiti. Ta tsaya. Ta dubi langar, ta dube ni, ta ajiye bokitin a hankali.

"Fanna, na Alhaji ne."

"Wane Alhajin?"

"Alhaji nawa gare ni?"

Ashe tun da ta samu murhu nata a garin, kullum ta sauke tukunya sai ta fara zuba na maigida, ta rufe, ta shimfiɗa masa tabarma. Langar ma da na duba da kyau na gane ta, Iya ce ta sa mata a kayan ɗaki. Langar kaɗai ta fito da ita ranar gudu, da ɗan gari a ciki. Ta ce, "Ba wanda ya ce mini ya mutu. Ni matar aure ce. A gidanmu an taɓa koya mana mu ci ba mu zuba na miji ba?"

Ana haka sai na ji ƙarar sanda a ƙofa. Wani tsoho ne, ƙafa ɗaya a shanye, da ɗan gicciye a wuya. Ya zauna a kan dutsen bakin ƙofa kamar wanda ya saba. Baba Pol ake ce masa. In la'asar ta yi Alhaji bai zo ba, shi ake ba.

Ya Falmata ta ce masa da Fulatanci, "Baba Pol, yau an riga ka. Ƙanwata ce daga Nijeriya."

Ya miƙa wuya ya leƙa langar. Fulatancinsa duk a karye, amma na ji shi sarai. Ya ce, "Ko miya ba ta bari ba. Dama an ce 'yan Nijeriya ba su wasa." Ya Falmata ta fashe da dariya har da hawaye, ta ɗauko nata rabon ta ba shi.

Da ya tafi na ce, "Wane ne wannan?"

"Direban soja ne. Yana cikin waɗanda suka tuƙa motocin ranar."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. "Shi kike ba tuwon Alhaji?"

"Zauna, kin cika ciki kina tsalle." Na zauna. Ta ce da ƙafarsa ya zo, da ya ji akwai matar ɗaya daga cikin mutanen kasuwa. Ya durƙusa a nan inda nake zaune ya faɗi komai. An ce su je kasuwa, sun je. Ya tuƙa mota cike da mutane har ƙofar bariki, a nan aka ce ya sauka, wani ya karɓi sitiyari. Bai san ko Alhaji na cikin tasa ba, bai san inda aka nufa da su ba. Ya ce yana jin suna buga jikin motar da hannu, bai tsaya ba. "Ya faɗi iyakar abin da ya sani, har da wanda zai iya ɓoyewa, ya ce in yafe masa. Na daɗe ko kallonsa ba na yi. Daga baya na yafe."

Washegari tana ɓarar gyaɗa, don man gyaɗa da ƙuli take yi ta sayar, na ja kujera na zauna mata a gaba kamar yadda aka umarce ni. Na sauke saƙon Iya duka, liman, alƙali, takaba, har da maganar tari. Na rufe da tawa: "Ya Falmata, a bar wa Allah. Akwai ranar hisabi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na bar masa tun ranar. Hisabi nasa ne, ban ce zan karɓe masa aiki ba. Amma ke da aka sace miki tunkiya bara, Allah kika bar wa, ko Malam kika tasa gaba har ƙofar mai unguwa?"

"Wannan ai tunkiya ce."

"To nawa miji ne."

Ta watsa ɓawon a kwando ta ci gaba. "Alƙalin Mubi zai iya ce mini Alhaji ya rasu. Zai iya ce mini a ina? In na ɗaga hannu zan yi masa addu'a, ban san ko a rami yake ko a ruwa ba, ban ma san ko gafara zan roƙa masa ko lafiya ba. A unguwar nan akwai wanda aka yi wa sadakar arba'in, matarsa ta yi wani auren, sai ga shi ya fito daga wani kurkuku yana tambayar gidansa. Baba Pol ya san hanya zuwa ƙofar bariki. Wanda ya karɓi motar ya san gaba. Wanda ya aike su gaba ɗaya, shi ne Mutumin."

Haka suke ce masa a unguwar, Mutumin. Ban ji bakin da ya kama sunansa ba har na baro garin.

Ta ce masu kotun sun aiko cewa za su zo su ji bakin matan da aka kwashe wa maza, amma ba su sa rana ba. "In na tafi Mubi suka zo ba na nan fa? In kuma na shiga takaba, ai na rufe maganar da hannuna kenan."

Da na ga tawa ta ƙare sai na ari ta Bukar. Na ce in aka taɓa shi yaƙi zai iya dawowa, na ce ai na manyan ƙasashe ba a kama su.

"Bukar bai yi ƙarya ba," in ji ta. "Mu ma da tsoron nan muke kwana. Akwai matan da suka ce ba za su buɗe baki ba saboda shi, ban ga laifinsu ba. Baba Pol ma in ya yi magana, ƙila shi za a fara rufewa, Mutumin kuma likitoci su ce ba shi da lafiyar zama. Duk na sani. Amma wanda ke kan kujerar yanzu yana kallo. In ya ga wancan ya mutu a gadonsa da fanka a kansa, ba wanda ya ce masa don me, me zai hana shi ma ya aika motoci kasuwa? Na manyan ƙasashe kuwa, matan da suka raba da mazansu su tambaye su. Ni nawa na sani. Kuma ban ce a rataye shi ba, me zan yi da wuyan tsoho? A zaunar da shi a benci irin na kowa, a ce ga Falmata, tana tambayar inda aka kai mijinta. Ya buɗe baki ya amsa."

Na ce, "Iya fa?"

A nan hannunta ya tsaya. "Tsofaffi biyu ne ke riƙe da ni, Fanna, kowanne yana iya tafiya gobe. In Iya ta tafi, na san inda za a kwantar da ita, zan zo in durƙusa in yi kukana. In shi ya tafi, ya tafi da Alhaji a cikinsa."

Maƙwabciyarmu ta Kolere ce ta faɗo mini a rai, wadda ɗanta bai sauko daga dutse ba tun lokacin gudu, har yau in an buga ƙofa ita ke riga kowa tashi.

Na ɗan kwana biyu a wurinta. Na karɓe mata girki, don ba na iya zama hannu sake. Wata rana na sauke tukunya, sai na ga hannuna ya kai kan langar kafin kowane kwano, ba wanda ya ce mini. Baba Pol ya ci miyar da daddawar Mubi, ya suɗe yatsa, ya ce yanzu ya gane abin da ya sa ban rage masa ba.

Ranar komawa, kamar yadda muka gada in za a rabu, na riƙe hannunta na ce, "Ya Falmata, ki yafe mini. Har da tuwon nan."

"Na yafe miki duniya da lahira. Kin ga ai ba wuya. Na ga abin da kika ci, kin kuma ce ke kika ci. Ana ta ce mini in yafe wa Mutumin don ya tsufa. In yafe me? Bai ce ya yi ba, bai ce a yafe ba." Ta gyara mini gyale ta ce, "Ki ce wa Iya ba ƙin ta na yi ba."

A hanya Bukar ya ga ni kaɗai ce, bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Na ba shi labari. Ya ce, "Ina nan kan maganata, hanya za ta iya rufewa." Sai da muka gangaro dutsen Ngaundare ya ƙara da cewa, ba tare da ya kalle ni ba, "Amma da ni aka kwashe, zan so uwar 'ya'yana ta tambaya."

Ko jaka ban sauke a gida ba na wuce ɗakin Iya. Tun daga tsakar gida ta ƙirga sawu da kunne. Ta ce, "Ke kaɗai ce." Na zauna a bakin gadonta na faɗa mata komai, ban rage ba, har da tuwon, har da maganar tsofaffi biyu. Na zaci za ta yi faɗa.

Can ta ce, "Langar mai fure a gindi?"

"Ita."

"Ni na zaɓa. Murfin bai lotse ba?"

"Ya ɗan lotse, amma yana rufuwa."

"Shi take fara zuba wa?"

"Shi, Iya."

"Haka na koya mata." Ta share ido da bakin zani. "Kira mini ita."

Na kira na sa mata wayar a kunne. Ta ce, "Falmata, ki zauna. In an kawo shi ki tambaye shi da ƙarfi, kada ki yi masa muryar kunya. Ki ce surukar Modu ma tana tambaya. In na riga ki, na yafe miki zuwan." Ta miƙo mini wayar tun ana magana a ciki, ta juya fuska bango. Na tsaya ina kallon shimfiɗar da ta sa aka yi wa Ya Falmata a gefen gadonta tun ranar da na tafi. Na ce in naɗe? Ta ce in bar ta.

Har yau masu kotun ba su je ba. Iya tana nan, wata rana da sauƙi wata rana ba sauƙi. Rediyona kuwa ba ya mutuwa yanzu, in aka fara labaran duniya sai in rage wuta in kasa kunne, ina roƙa wa tsohon da ban taɓa gani ba tsawon rai, abin da ban taɓa zaton zan yi ba.

To kun ji tafiyata. Ku da kuke cewa a bar wa Allah, ni ma tawa kenan da, ban kuma ce ƙarya ce ba. Amma ke da kike saurarena, da ke ce Ya Falmata, langa a hannu, uwa na jira a Mubi, wancan kuma bai amsa ba tukuna, wane tsohon za ki bari ya tafi ba ki gan shi ba?